Ranar Da Manniru Ya Goge Motar Oga

A layin gidajen ma'aikata da ke bayan kasuwar Utako babu wanda bai san Manniru direba ba, domin shi da kansa ya ɗauki nauyin sanar da kowa. A faɗarsa, ya taɓa jan tirela daga Legas har Sakkwato ba birki, ya kuma yi shekara uku a Dubai yana koya wa Larabawa gyaran mota. Abin da aka iya tabbatarwa dai shi ne, shekara biyu ke nan yana tuƙa baƙar motar Malam Abdulƙadir, mataimakin darakta a wata ma'aikatar tarayya, yana kuma kwana a bikiyu, ɗakin masu aiki na bayan gidan, mai fanka a sama da famfo a bakin ƙofa.

Malam Abdulƙadir ya sayi motar ne a matsayin 'yar Beljiyam, wato wadda aka shigo da ita daga Turai, ya kuma tabbatar duk ma'aikatar ta ji. Kullum da safe Manniru zai zaro wani tsohon singileti daga ƙarƙashin kujera ya bi jikinta da shi a bushe, ba ruwa ba sabulu, yana zagaya hannu kamar mai dama fura, da jar ƙasa da yashi da komai. A inuwa sai ƙyalli take. Amma ran wata Litinin da tsakar rana, a filin ajiye motoci na ma'aikata, rana ta faɗo mata a ka, sai ga fentin ya cika da siraran zobba, zagaye cikin zagaye, kamar gizo-gizo ya yi mata saƙa daga bonet har but.

Malam Abdulƙadir ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Manniru, mene ne wannan?"

"Oga, adon kamfani ne. Manyan motoci haka suke zuwa."

"Wata shida da suka wuce babu shi."

"Ai a hankali yake fitowa, ranka ya daɗe."

Wani abokin aikin ogan, Malam Nazeer, yana tsaye yana neman makullin tasa motar. Ya ce a kai wa Juliet, wata mata mai shagon goge fenti da inji a kusa da tashar Utako, aikin da 'yan sana'ar ke kira bofin. Ya ce matar nan in ta kalli fenti sau ɗaya za ta gaya maka abin da ya ƙarje shi, har da irin tsumman.

A hanyar gida Malam Abdulƙadir ya yi magana daga kujerar baya, ba tare da ya ɗaga kai daga waya ba.

"Jibi za mu tafi taro Lokoja, mu dawo Juma'a. Ina dawowa za mu kai mata. In ta ce hannunka ne, ka nemi wani ɗakin da wani ogan."

Kafin su kai gida Manniru ya gama tsara komai. Zai shafe zobban nan tas kafin Juma'a, ta yadda Juliet ba za ta samu abin karantawa ba. In ya so oga ya dawo ya tarar da mota kamar madubi, ya gane irin mutumin da Allah ya ajiye masa a bikiyu.

Ran Laraba, bayan ya sauke oga a wurin bas ɗin ma'aikata, ya ajiye motar can nesa ya taka zuwa shagon Juliet don ya ɗauko sirrin. Ya same ta a ƙarƙashin rumfa, sanye da rigar aiki, tana ɗora wata 'yar na'ura a jikin wata mota tana duba lamba. Ta lilliƙe gefunan ƙofa da tef, ta haska fitila a fentin, ta ɗiga mai ɗigo huɗu a kan soso, sannan ta kunna inji. Injin yana tafiya a hankali, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Minti goma tana kan wurin da bai wuce faɗin faranti ba.

"Madam, injin nan naki bai karya kumallo ba ne?"

Ta kashe ta dube shi. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Ya karya. Kai ne wa?"

"Abokin sana'a. A Dubai muka yi."

"Dubai wane gefe?"

"Gefen masallaci."

"To abokin sana'a, ka sani fenti bai kai takarda kauri ba. Kafin ka taɓa, ka auna. Kuma ba a yi a rana. Mota ɗaya yana cin kwana biyu a nan."

Manniru ya yi murmushin mai tausayi ya fita. Ya gane komai. Sirrin bai wuce abu mai juyawa da ɗan mai ba, sauran duk jan rai ne don a tsorata masu mota. In inji mai sanyin jiki yana cin kwana biyu, mai zafin nama kafin azahar zai gama.

Alhamis da hantsi ya tsallaka shagon Zakariyya mai walda, wanda ke daura da gidan, ya ce a ara masa giranda, injin da ake gurje ƙarfe da shi bayan an yi walda.

Zakariyya ya ɗage baƙin gilashinsa. "Mutumina, wannan ƙarfe yake ci."

"Ai ni ma ba tuwo zan tuƙa ba."

"Ban taɓa ganin an sa wa mota shi ba sai in za a yanka ta."

"Shi ya sa kake Utako har yanzu."

Ya riga ya sayo faifan gashi na goge fenti a kasuwa da gwangwanin man gurza mai kaushi, irin na masu fanalbita, masu gyaran jikin mota. Ya fito da motar kan titi, inda rana ta fi ƙarfi, ya ce a rana ake ganin abokin gaba. Gaskiyar ita ce a cikin gida ba 'yan kallo. Aka jawo waya daga shagon Zakariyya. Zulai mai shinkafa da wake, wadda ke da lema a bakin layin, ta juyo da kujerarta. Masu cin abinci uku suka juyo da nasu faranti a hannu.

"Direban Dubai, yau kuma me za a koya mana?" in ji Zulai.

"Ki dai zuba ido. Nan da azahar a jikin motar nan za ki ɗaura kallabi."

Ya lakato mai da hannu ya lafta wa faifan kamar mai shafa man gyaɗa a burodi, ya ɗaga injin sama don kowa ya gani, ya kunna. A daƙiƙa ɗaya man ya bar faifan gaba ɗaya. Ya rabu bisa adalci: kaso a zanen Zulai, kaso a gemun Zakariyya, kaso a farantin wani ɗan acaɓa, ragowar a fuskar Manniru.

Ɗan acaɓan ya duba farantinsa. "Hajiya, ni ban ce a sa min bama ba."

"Gwaji ne," in ji Manniru, yana share ido. "Ana fara duba ƙarfin wuta."

Ya sake lafta mai, wannan karon ya kafa faifan a ƙofar baya ta dama, inda oga ke shiga, ya kunna. Injin ya cafki ƙofar ya ja shi gaba taku uku, ya dawo da shi biyu. Ya turje, ya danna da ƙirji, ya cije leɓe. Ƙarar ta sa kare a gidan maƙwabta ya fara haushi. Can sai aka ji wari kamar an jefa silifas a murhu.

Ya kashe. A tsakiyar ƙofar, zobban sun tafi, wannan kam ba musu. A madadinsu ga wani tabo kamar kwabo, kore shar.

Zulai ta taso ta leƙa. "Wannan kuma fa?"

"Zufa fentin ya yi. In ya huce zai koma."

Aka fasa ledar fiya wata guda biyu aka zuba. Tabon ya ƙara haske.

Zakariyya ya tsuguna yana kallo. "Na ga ƙarfe ya yi ja, na ga ya yi shuɗi. Kore ban taɓa gani ba."

"Akwai abubuwa da yawa da ba ka gani ba. Gefen ne ya yi kaifi shi ya sa ido ke kama shi. In na saje gefen da sauran fentin, shi ke nan."

Ya saje gefen. Kwabo ya koma faifai. Ya saje gefen faifai, faifai ya koma tire. Zuwa yanzu masu gadi daga gidaje huɗu sun iso, da mai yankan farce, da wani mai sayar da caja da ya ajiye kayansa ya harɗe hannu. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a sa man fetur. Wani ya ce a karanta Ƙulhuwallahu a tofa.

Zulai ta sa farce a bakin baƙin fentin da zafi ya ɗaga, ta ɗan ja. Ya biyo ta salin-alin kamar ɓawon dafaffen dankali, tsawon kamu guda. A ƙarƙashinsa, a tsakiyar koren, ga farin layi ya miƙe sak.

"Zulai, wa ya sa ki?"

"Na ga yana neman fita ne."

Ba yadda za a bar fenti yana reto a jikin motar mataimakin darakta, don haka Manniru ya koma da inji don ya daidaita bakin. Duk inda ya daidaita sai na gaba ya ɗaga. Aka kira azahar, aka je aka dawo, yana nan. Kafin la'asar ƙofofin dama biyu sun zama kore daga sama har ƙasa, da fararen layuka biyu a tsakiya, da wata lamba da aka rubuta da farin fenti a ƙofar gaba.

Kowa ya tsura wa lambar ido. Zakariyya ne ya fara magana, a hankali, kamar mai ta'aziyya.

"Manniru, tasi ce."

"Ka iya bakinka."

"Tasi ce ta Abuja, an watsa mata baƙi a kai. Ina ma jin na taɓa shigar ta daga Berger."

"Gaba ka zauna ko baya?" in ji Zulai.

"Baya. Mu huɗu."

Manniru ya zauna a bakin kwata. Mai fenti mafi sauri a Abuja sai ya yi mako, shi kuwa gobe oga zai dawo. Amma mutumin da ya ja tirela ba birki ba ya daɗewa a zaune. Ya tsayar da mai shushaina ya kwashe duk baƙin man takalmin da ke akwatinsa, gwangwani huɗu. Suka rufe rabin ƙofa ɗaya suka ƙare, kuma wurin ya fito kamar an shafa wa ganye kwalli.

Da safiyar Juma'a ya je wa Zulai da ladabin da ba ta san yana da shi ba.

"Hajiya Zulai, ina kwana. Tukwanen nan naki sun yi baƙi da yawa."

"Shekara shida suna haka. Yau ka gani?"

"Zan kankare miki su."

Ta dube shi, ta dubi motar da aka lulluɓe da tampol, ta gane. Ta fito masa da tukwane bakwai, har da wadda ta daina amfani da ita. Ya kankare baƙin tas a cikin bokiti, ya dama shi da sitacin guga, ya bi ƙofofin da burushi, shafi uku. Da ya bushe sai ya yi baƙi ƙirin, ba ƙyalli ko kaɗan. Daga taku goma, in mutum ya kanne ido ɗaya kuma yana sauri, mota ce baƙa.

"Sabon yayi ne," in ji Manniru. "Yaran masu kuɗi a Maitama duk haka suke yi yanzu."

"In ta ƙi tashi sai mu ɗora mata shinkafa," in ji Zulai.

Bayan sallar Juma'a oga ya bugo ya ce bas ɗin ma'aikata za ta sauke su a bakin tashar Utako da la'asar. Manniru ya tsara yadda za a yi: zai fito da sauri ya buɗe ƙofar hagu, ya tsaya ya tare hanya da jikinsa, ya ce ta dama tana ɗan cijewa. In aka isa gida, gobe ma rana ce.

Tsakanin gidan da tasha ba nisa, amma kasuwa ta cika, motoci sun cushe. Yana cikin layin nan hadari ya taso daga wajen Jabi, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, minti goma, aka ɗauke, rana ta dawo. Manniru yana ciki gilashi a rufe, sanyi na busawa, yana bin waƙa a rediyo. Direba a hagu yake zama. Abin da ke faruwa a dama, inda masu tafiya a ƙasa suke, bai shafe shi ba.

Sai ya ga wani mutum a bakin titi ya ɗaga masa hannu. Gaba kaɗan wasu mata biyu suka ɗaga. Wani ma har da gudu yana nuna gaba da yatsa. Manniru ya gyara zama. Ashe aikin ya fi yadda ya zata. Ya riƙa ɗaga musu hannu shi ma, a hankali, kamar ɗan takara.

Yana tsayawa a bakin tasha, ƙofar baya ta dama ta buɗe. Wata dattijuwa ta turo kwandon lemu, ta biyo shi, ta zauna a gurbin oga ta ja ƙofa.

"Jabi," ta ce.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Jabi, bakin masallaci."

Kafin ya haɗa amsa wani mai jaka ya buɗe gaba ya zauna yana tambaya ko ta Wuse za a bi. 'Yan kamasho uku suka iso, ɗaya ya bugi bonet da tafin hannu.

"Kai, wa ya ba ka izinin lodi a nan? Ina layinka?"

Manniru ya sauke gilashi. "Ka san motar wa kake duka? Motar darakta ce."

"Daraktan tasi?"

Ya fito a fusace ya zagayo don ya nuna musu, sai ya tsaya. Ruwa ya wanke tukwane bakwai na Zulai zuwa kwata. Koren ya fito fes, layukan sun yi fari tas, lambar kamar yau aka rubuta ta. Iyakar rabin ƙofar da ya sha man takalmi ne ya rage, kamar tabon mari.

A daidai nan bas ɗin ma'aikata ta tsaya a bayansa. Mutum goma sha takwas suka sauko da jakunkunan taro. Malam Abdulƙadir ya wuce motar ba tare da ya kalle ta ba, yana waige-waigen tasa. Malam Nazeer ne ya tsaya yana karanta lambar baya.

"Darakta, zo ka ga wani abu."

Darakta ya zo. Ya karanta lambar. Ya dubi koren, ya dubi dattijuwar da ke gurbinsa tana ɓare lemu, ya dubi Manniru.

"Beljiyam ɗin nan ta wace unguwa ce?" in ji Malam Nazeer. "Ta Nyanya ko ta Kubwa?"

Wata mata daga sashen kuɗi ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Wayoyi huɗu suka fito daga aljihu.

"Oga, sannu da hanya," in ji Manniru. "Akwai bayani."

Shagon Juliet yana tsallaken titi, kuma Malam Nazeer bai ga dalilin da zai sa a jira gobe ba, sai ya kirawo ta. Ta tsallako da 'yar na'urarta, ta ɗora a koren, ta ɗora a baƙin, ta ja wani ɓawo da yatsa biyu ta duba bayansa.

"Oga, wannan tasi ne tun farko. An fesa masa baƙi a kai, ko wanke shi ba a yi da kyau ba. Wanda ya sayar maka ya cuce ka."

Manniru ya ji iska ta shige shi. Ya juya ga jama'a.

"Kun ji ko. Oga, tun ranar da na fara jan motar nan jikina ya ba ni. Na ce sai na tono gaskiya. Wani direban da har ya mutu yana jan tasi bai sani ba."

Malam Abdulƙadir ya juya masa baya. Ya yafito Juliet, suka zagaya gefen hagu, wanda inji bai taɓa ba. Rana tana dukan sa sosai. Zobban suna nan cif, zagaye cikin zagaye, ba wanda ya ragu.

"Madam, wannan fa?"

Ta karkata kai ta duba.

"Busasshen tsumma. Kowane safe. Da hannun dama." Ta ƙara matsawa. "Ina ga singileti ne."

Malam Abdulƙadir ya miƙa tafin hannu. Manniru ya kai nasa zai gaisa.

"Makulli."

Ya ba shi.

"Na ɗaki kuma ka bar wa mai gadi kafin magariba."

Mai jaka ya riga ya fice. Dattijuwar kuwa ta ce ita ta riga ta zauna, ƙafarta ba ta son hawa da sauka, kuma Jabi ba nisa. 'Yan kamasho suna ta bugun but suna cewa a ja gaba, abokan aiki suna ɗauka a waya. Malam Abdulƙadir ya auna tsakanin jayayya da tsohuwa a gaban ma'aikata da kuma barin wurin nan take. Ya jefa jakar taro a kujerar gaba, ya shiga mazaunin direba da babbar rigarsa, ya ja. Kafin ya kai kwana wasu mutum biyu sun ɗaga masa hannu.

Jama'a suka watse. Aka bar Manniru da Juliet a bakin titi.

"Madam, kin dai gani. Abin da injinki ke yi a kwana biyu, ni a wuni ɗaya na wuce shi da fenti guda."

"Da ka ƙara awa biyu, da ka kai ƙarfe," ta ce, ta tsallaka abinta.

Dab da magariba Manniru ya fito daga gidan da katifa a naɗe a ka, da jaka a hannu. Zakariyya ya tare shi ya karɓi girandarsa, ya yarda katifar ta kwana a shago. Zulai tana haɗa tukwanenta, waɗanda ke ɗaukar ido kamar na amarya.

"Direban Dubai, ina aka nufa?"

Ya sauke katifar ya gyara hula.

"Ina duba tayi ne. Ita kanta Madam Juliet, a gaban mutane, ta ce duk Abuja ba ta ga mai zurfin aiki irina ba."

"To kafin tayin ya zo," in ji Zulai, "akwai murfi bakwai da ba ka taɓa ba."